Ranar Da Baba Ya Zo Neman Maganin Rawar Hannu

A makon jiya na yi alkawarin za mu ci gaba da bayanin yadda ake adana magunguna a gida lokacin zafi, amma ku yi mini afuwa, na ɗage shi zuwa mako mai zuwa. Yau labarin gidanmu zan ba ku, kuma sai da na nemi izinin mai labarin kafin na ɗauki biro. Sharaɗi ɗaya ya gindaya mini, wai kada in rubuta jimillar bugun da ya yi a ranar.

Shekara 9 ke nan ina tsaye a bayan kantar magani a nan Kontagora. An miƙo mini takardu iri-iri, har da kwalin sigari da aka yaga aka rubuta sunan allura a kai. Amma babu wadda ta ɗaure mini kai kamar wadda mahaifina ya miƙo mini a ƙarshen Disambar 2024. Takardar rubuta makin wasan golf ce, an juya bayanta an rubuta Inderal da jan biro. Ya ce, "Uwata, ba ni wannan, kati biyu." Sunan mahaifiyarsa na ci, shi ya sa bai taɓa kama sunana ba tun da aka haife ni.

Na san wani zai ce, golf kuma a Kontagora? Ai wasan manyan Abuja ne. Da gaskiyarsa. Sai dai Baba tsohon soja ne da bai kai ko kusa da janar ba. A Kaduna ya koyi wasan yana saurayi, ta hanyar ɗaukar wa ogansa jakar sanduna, kamar yadda 'yan wasa da yawa a ƙasar nan suka fara. Wasan ma ya daɗe a Arewa fiye da yadda muke zato, don filin Rayfield na Jos tun 1913 yake, na Kaduna kuma tun 1921. Da Baba ya yi ritaya ya dawo gida bai samu abokin yi ba, sai ya share wani gefe a gonarsa da ke hanyar Rijau, ya baza yashi ya daddaɓe, ya binne gwangwanin madara a tsakiya ya zama rami. Kullum da hantsi yana can, yaran ƙauyen suna tsinto masa ƙwallo yana sallamarsu da 'yan canji. Sau ɗaya a shekara, cikin hunturu, yakan tafi Kaduna wata gasa da tsofaffin abokan aikinsa ke haɗuwa. Tun da hanyar Birnin Gwari ta zama abin da ta zama, ta Minna yake zagayawa, tafiyar yini guda cur, ga mutumin da ya haura shekara 65 yana fama da ciwon suga da asma.

Ga wanda bai san wasan ba, shi ne wasu ke kira ƙwallon lambu. Rami 18 ne a warwatse cikin fili mai faɗi, bakin kowane rami inci 4 da kwata, ƙwallon kuma bai kai ƙwan kaza ba. Wanda ya zagaye ramukan da mafi ƙarancin bugu shi ya ci. Akan shafe kusan awa 4 ana tafiya a ƙasa. Abin da na daɗe ban gane ba shi ne dalilin da ya sa faɗuwa a wannan wasa take da ɗaci haka. A ƙwallon ƙafa kana da alƙalin wasa da za ka yi wa ƙorafi, kana da gola da za ka ɗora wa laifi. A dambe akwai wanda ya kai ka ƙasa. A golf kuwa ƙwallon a ajiye yake ba ya motsi, babu mai tare ka, 'yan kallo ma shiru suke yi maka. In an ɓarar, kai ka ɓarar. Abokin zagayenka ya rubuta adadin bugunka, kai kuma ka sa hannu a ƙasa ka amince da shi.

Shekara uku a jere Baba yana zuwa na biyu ko na uku a rukunin tsararsa. A wannan karon ya iso rami na ƙarshe yana gaba da bugu ɗaya, ƙwallonsa kuma ya tsaya a tazarar da ba ta kai taku guda ba daga ramin. Irin bugun da yake yi sau ɗari a gona ko da ido a rufe. Ya sunkuya zai tura, sai hannunsa na dama ya fizga da kansa, ƙwallon ya bi gefe ya wuce. Ya sake saitawa, ya sake wucewa. Kyautar da ta kuɓuce masa ɗan kofi ne da fanka. A nan ne wani abokinsa mai shan Inderal saboda hawan jini ya ja shi gefe, ya rubuta masa sunan, ya ce wannan yana tsayar da hannu.

Abokin bai yi ƙarya ba. Inderal na cikin magungunan da ke rage bugun zuciya, suna kuma dakushe tasirin sinadarin da jiki ke fitarwa idan mutum ya firgita. Likitoci kan rubuta shi don hawan jini, da wasu cututtukan zuciya, da rigakafin ciwon ɓarin kai, har da wani nau'in rawar hannu. Saboda yana kwantar da hannun ne ma hukumar WADA, mai yaƙi da amfani da ƙwayoyi a wasanni, ta haramta irinsa a harbin bindiga da harbin kibiya da golf. Amma abokin bai san jikin Baba ba. Ga mai asma, wannan magani yana iya matse hanyoyin numfashi har ta kai ga rasa rai, kuma yana toshe aikin Ventolin ɗin da ake shaƙa don a buɗe su. Ga mai ciwon suga kuma, yana ɓoye alamun da ke gargaɗin cewa sugan ya yi ƙasa, wato bugun zuciya da karkarwa. Baba yana da duka biyun. Ko da wa aka haɗa ni ba zan ba shi ba.

Hana shi maganin daidai ne. Kuskurena yana cikin yadda na hana. Dariya na yi, a gaban yarinyar da ke taya ni shago da wata mata mai jiran maganin tari. Na ce, "Haba Baba, a kan ƙwallon da bai kai ƙwai ba za ka kashe mana kanka? Ai wasa ne kawai. Ka yi haƙuri, in fanka ce ni zan saya maka." Bai ce komai ba. Ya ninke takardarsa ya sa a aljihu, ya ce a gaishe da yara, ya fita.

Daga ranar bai sake zuwa gona ba. Jakar sandunan ta koma bayan ƙofa, Umma ta riƙa rataye darduma a kanta. Majalisar da yake zama bayan la'asar a ƙofar gidan maƙwabcinmu ma ya daina fita. Da yake tafiyar ƙasan da yake yi kullum ta tsaya, awon sugansa na safe ya fara hawa, ni kuma da nake duba littafin awon sai na riƙa yi masa faɗan tuwo da shinkafa. Umma ta ce yakan farka ƙarfe uku na dare ya zauna a bakin gado yana kallon tafin hannunsa. Duk wanda ya zo gaishe shi ya ji labarin, abu ɗaya yake faɗa: a yi haƙuri Alhaji, wani bai ma samu lafiyar zuwa ba. Haƙuri abu ne mai kyau, ba na musu. Amma na lura a gidajenmu sau da yawa mukan yi saurin faɗarsa ne don maganar ta mutu, mu huta da sauraro. Namiji kuwa, musamman tsohon soja, an riga an gaya masa faɗuwar gaba asarar namiji ce, don haka da zarar an ce ya yi haƙuri sai ya haɗiye sauran.

Cikin mako na biyar Umma ta kira ni da sassafe, ta ce Baba ya yi jiri a banɗaki, Allah Ya taimaka ya dafa bango. Da na je na duba aljihun rigarsa sai ga katin Lexotan, an sha fiye da rabi. A wani kyamis ya saya, ba takardar likita, ba a tambaye shi shekarunsa ko magungunan da yake sha ba. Ya ce barci kawai yake nema. Wannan rukuni na Lexotan da Valium yana sa barci kam, amma ga dattijo yana kawo jiri da ruɗewa da faɗuwa, faɗuwar tsoho kuwa sau da yawa karayar ƙugu ce. Jiki kuma yana sabawa da shi cikin 'yan makonni, ta yadda in an daina farat ɗaya rashin barcin zai dawo fiye da da, wani har da jijjiga. Shi ya sa wanda ya daɗe a kai ba a ce masa ya watsar yau, likita ne ke rage masa a hankali.

Kada a ɗauka wannan tarkon na marasa gata ne. Tiger Woods, wanda ko wanda bai san golf ba ya san sunansa, a watan Mayun 2017 'yan sanda suka same shi yana barci a cikin mota a bakin titi a jihar Fulorida ta Amurka, wata guda bayan an yi masa tiyata ta huɗu a baya. Gwaji bai nuna giya ba. Abin da aka samu a jikinsa ya haɗa da magungunan kashe zafin ciwo masu ƙarfi iri biyu, da na rage fargaba, da na barci. Mutum ne mai likitoci da kuɗin da zai ga duk ƙwararren da yake so. Sai da ya nemi taimako a kan yadda yake shan magungunan, sannan a Afrilun 2019, yana da shekara 43, ya lashe gasar Masters, shekara 11 bayan babbar gasar da ya ci ta ƙarshe.

A daren da na ga Lexotan ɗin na kasa barci ni ma, sai wani abu ya faɗo mini. Ina aji uku a jami'a na faɗi wani darasi na kimiyyar harhaɗa magunguna, faɗuwar da ta sa ƙawayena suka wuce suka bar ni. Na kulle kaina a ɗaki kwana biyu. Kowa ya bugo waya haƙuri yake ba ni. Baba kuwa mota ya shiga ya zo har makaranta, muka zauna a gindin wata bishiyar darbejiya, ya ce in kawo masa takardar tambayoyin. Mutumin da bai taɓa shiga ajin kimiyya ba ya sa tabarau ya ce, "Wacce ce ta kayar da ke? Karanta mini ita." Na karanta, na yi masa bayanin inda na rikice, ina yi ina kuka, yana gyaɗa kai kamar yana ganewa. Bai gane ko kalma ɗaya ba, na tabbata. Amma a ranar na ci abinci.

Washegari na bar wa yarinyar shago, na tafi gida da hantsi. Na zauna a ƙasa kusa da kujerarsa na ce, "Baba, na yi maka rashin kunya ranar nan, ka yafe mini. Ka ba ni labarin ramin nan na ƙarshe, tun daga bugun farko." Ya daɗe yana kallona. Sannan ya fara, kuma sai da aka kira azahar yana magana. Ya gaya mini inda iska ta dosa, da sandar da ya zaɓa, da yadda ƙasar ta ɗan gangara hagu. A tsakiyar labarin ne abubuwa biyu suka fito da ban taɓa zato ba. Na farko, ya ce tun da ya ajiye kaki babu wanda ke tambayarsa komai sai kuɗin makaranta da addu'a a wajen suna. Filin nan na Kaduna ne kaɗai wurin da ya rage da ake rubuta lamba a gaban sunansa, lambar da shi ya samo ta da hannunsa. Na biyun ya fi nauyi. Yayansa, Baffanmu, cutar Parkinson ce ta kwantar da shi shekaru kafin rasuwarsa, irin wadda ta kama ɗan damben nan Muhammad Ali, kuma da rawar hannun dama ta fara masa. Tun daga ranar da hannun Baba ya fizga a gaban mutane yake ganin layi ya zo kansa. Mako biyar yana ɗauke da wannan shi kaɗai, ni kuma ina yi masa tayin fanka.

Muka je wajen likita. Ya sa Baba ya miƙe hannuwa, ya ajiye su a cinya, ya rubuta sunansa, ya yi tafiya ya dawo, aka kuma ɗebi jini don a duba suga da aikin maƙoƙo, domin shi ma in ya yi yawa yana sa karkarwa. Ya yi mana bayanin cewa rawar Parkinson ta fi bayyana ne lokacin da hannu ke hutawa, kuma takan zo da sanƙarewar jiki da nauyin motsi, ya ce bai ga waɗannan a jikin Baba ba a lokacin, amma mu dawo in wani abu ya sauya. Daga nan ya tambayi yadda safiyar gasar ta kasance, kuma a nan ne kunya ta kama ni, don tambayar da ya kamata in yi ce tun ranar farko. Ƙurar hunturu ta tayar wa Baba da asma, ya yi ta shaƙar Ventolin ba lissafi, shi kuwa rawar hannu na daga cikin sanannun illolinsa. Ya ci goro biyu don ya wartsake, goro kuma yana ɗauke da sinadarin nan mai hana barci da ke cikin kofi, wanda ke ƙara karkarwa. Ya sha ƙwayar sugansa, irin wadda ke iya saukar da suga ƙasa sosai in ba a ci abinci ba, sannan ya kora da baƙin shayi kawai ya yi tafiyar awa 4. A ɗora fargabar rami na ƙarshe a kan waɗannan ukun.

Likitan ya ƙara masa abin shaƙa na rigakafi wanda ake amfani da shi kullum, don buƙatar Ventolin ta ragu, ya gyara masa maganin suga, ya tsara masa yadda zai rabu da Lexotan. Ya kuma yi masa tambayoyi a kan barci da cin abinci da yadda yake jin ransa. Wannan ɓangaren nake so iyalai su riƙe. Ɓacin rai bayan an rasa abu ba cuta ba ne, kuma ba ni da ƙwayarsa a kanta. Amma idan ya wuce mako biyu mutum yana cikin ƙunci kusan kullum, ya daina jin daɗin abin da yake so, barcinsa da cin abincinsa sun sauya, ya janye daga mutane, to ana iya kasancewa an shiga ciwon damuwa, shi kuwa yana da magani a asibiti. In har ya fara cewa gara ma ya mutu, kada a jira gobe. Akwai asibitin ƙwararru na tarayya a Barnawa a Kaduna da kuma na Kware a Sakkwato, amma likitan asibitin garinku ma ya isa a fara da shi. A kantata ina ganin irin Baba kowane mako, sai dai ba golf ya kawo su ba: uwar da ɗanta bai samu makin JAMB ba, ɗan kasuwar da ya tara masara farashi ya karye, matar da ta yi ɓari karo na biyu. Duk maganin barci suke tambaya. Yanzu nakan tambayi abin da ya faru kafin in ce a'a.

Ba zan ce muku rawar hannun ta tafi gaba ɗaya ba. Ta ragu sosai, amma in ya matsu takan leƙo. 'Yan golf sun san wannan fizgar hannu a gajeren bugu, ta addabi manya irin su Bernhard Langer na Jamus, wanda ya yi ta sauya yadda yake riƙe sanda saboda ita, kuma ya ci Masters a 1985 da 1993. Baba ma ya sauya riƙo, yanzu hannun hagu ne a ƙasa. Bai koma gona ba sai bayan azumi.

Abin da ya mayar da shi ɗana ne, mai shekara 8. Ya nuna wa kakansa wani bidiyo a waya, na Rory McIlroy ɗan Ailan ta Arewa a babbar gasar Amurka ta 2024, inda ya ɓarar da gajerun bugu biyu a ramuka uku na ƙarshe, ya faɗi da bugu ɗaya, ya shiga mota ya bar filin bai yi wa 'yan jarida magana ba. Baba ya kalla sau uku. Ya ce, "Wannan yaron bai yi barci ba ranar nan." Da gasar Masters ta zo a Afrilun 2025, kamar mako biyu bayan ƙaramar Sallah, shi ya sa aka sayo fetur aka tayar da janareta. McIlroy ɗin nan a wannan fili ne a 2011, yana da shekara 21, ya shiga ranar ƙarshe yana gaba da bugu 4 ya watsar da su duka. A daren nan ma sai da ya sake ɓarar da gajeren bugu a rami na 18, aka tafi raba gardama da Justin Rose, sannan ya ci, ya durƙusa a ƙasa yana kuka. Sha biyun dare ta wuce a agogonmu. Umma ta leƙo falo tana mitar fetur, Baba ya ce mata ta cire dardumarta daga kan jakarsa.

Ranar Asabar da ta wuce na bi su gona, karo na farko a rayuwata. Na kai masa dabino da ruwa, na duba abin shaƙarsa yana aljihu. Ya ajiye mini ƙwallo taku ɗaya daga gwangwanin madarar, ya ba ni sanda, yaran ƙauyen suka jeru suka yi tsit. Sai a bugu na shida ya faɗa. Baba ya zaro takarda daga aljihu ya rubuta 6, ya miƙo mini jan biron ya ce, "Uwata, sa hannu a nan."